Waƙar haruffa ta walima: yaron da ƙara ke damu zai iya zama a wurin?

Maman Yasir (Nima, Accra): Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga iyayen 'yan ajin ƙanana na makarantar Asabar da Lahadi. Waƙar haruffan nan da Malam ya turo mana a waya domin yara su haddace kafin walima, akwai wanda ɗansa ya ƙi ta? Yasir yana son farkonta, har bin ta yake da baki. Amma da an zo inda ake hura usur, yaran cikin waƙar su kwarma ihu gaba ɗaya, sai ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin tebur. Yanzu ma ko farkon ya ji kuka yake farawa, don ya san abin da ke tafe. Shekararsa biyar, kuma likita ya ce yana da otizim, wato lalurar da ke shafar yadda yaro ke mu'amala da mutane da abubuwan da ke kewaye da shi. Shin waƙar ce ba ta dace da irinsu ba, ko akwai dabara? Ba na so ranar walima a ce shi kaɗai aka bari a gida.

Baban Hafsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Hafsa kam wurin usur ɗin ma take jira, ta hana mu sakat da shi.

Alhaji Kawu (Maamobi): 'Yata, yaron da aka haifa a Nima ne za a ce ƙara na damunsa? Da asuba kiran salla, gari na wayewa yaran motocin haya na trotro sun fara kiran fasinja, ranar Laraba kasuwa ta cika har titi, Lahadi coci ta wannan gefe, masu aure sun kafa rumfa ta wancan gefe. A cikin wannan muka tashi, babu wanda ya shiga ƙarƙashin tebur. Ku riƙa kunna masa ita safe da yamma, zai saba. Yawan lallashi ke lalata yaran yanzu.

Hajiya Mma: Ni dai da za ku ji tawa, a fara kai shi a yi masa tofi. Yaro ya riƙa firgita haka kawai, ba a rasa iska a ciki.

Maman Yasir: Mma, addu'a kullum muna yi. Kawu, na gwada barin ta tana yi yana kuka, abin ƙaruwa ya yi. Har wayar ya fara gudu.

Anti Rabi (ma'aikaciyar jinya): Kawu, Allah ya ƙara girma, ka ba ni dama in raba maganar biyu, don abu biyu ne ake haɗawa.

Akwai ƙarar da ke lalata kunne, wannan ta shafi kowane yaro, har Hafsa mai jiran usur. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hirar mutum biyu a ɗaki tana kai wajen 60. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 game da sauraro ta waya da iyafis ya ce babba kada ya wuce desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuma 75. Lissafin ba irin na kasuwa ba ne: duk ƙarin desibel 3, ƙarfin sautin ya ninka, lokacin da kunne zai iya ɗauka kuma ya ragu da rabi. Wanda ya tsaya gaban manyan sifikun biki, inda ƙara kan kai 100, mintoci kaɗan ne rabonsa na mako. Abin da mutanenmu ke kira sabo, sau da yawa jin ne ya fara raguwa, domin ƙananan gashi-gashin da ke can cikin kunne idan sun mutu ba sa sake tsirowa.

Na Yasir daban ne. Ba sai ƙara ta kai ta ɓata kunne take yi masa zafi ba. Kunnensa yana iya zama lafiya lau a gwaji, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta tace sauti yadda tamu ke yi. Tun 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi ya sa wannan cikin alamomin otizim, wato jin sauti ko haske ko taɓi fiye da kima, ko ƙasa da kima. Kukan nan ba shagwaɓa ba ne, ciwo yake ji. Idan aka tilasta masa, abin da zai koya shi ne waƙa tana zuwa da azaba, ga shi kuwa uwar ta ce har wayar ya fara gudu.

Alhaji Kawu: To Rabi, amsa mini wannan. Yaron nan na gan shi da idona ranar wani suna, ya sami murfin tukunya yana ta buga shi da ludayi har sai da na canja wurin zama. Wannan ba ƙara ba ce? Me ya sa ita ba ta kai shi ƙarƙashin tebur ba?

Anti Rabi: Kawu, ka taɓo inda maganar take. Murfin tukunya a hannunsa yake. Shi ya san lokacin da ludayi zai sauka, ya san ƙarfin da zai sa, in ya ga dama ya daina. Usur ɗin waƙa kuwa faɗo masa yake ba sallama. Yara da yawa masu wannan lalura haka suke, su yi ƙararsu da kansu ba komai, amma injin markaɗe ya tashi a gidan maƙwabta su rikice.

Zainabu mai ɗinki (Sabon Zango): Ku bar ni in sa baki, don ni babba ce kuma abin yana damuna har yau. Ba wanda ya taɓa ce mini ina da wata cuta, ni dai na san tun ina makarantar allo, idan yara suka ɗaga murya gaba ɗaya sai in ji kamar kaina zai tsage, in fita in tsaya bayan gida, a zo a zane ni a ce na gudu daga karatu. Keken ɗinkina yana ƙara yini guda, bai dame ni ba, ƙafata ce ke tuƙa shi. Amma a ja kujerar ƙarfe a kan siminti, ko makirufo ya yi kukan nan nasa a wurin wa'azi, sai haƙorana su ɗauka, in kwana da ciwon kai.

Na saurari waƙar, ɗiyar yayata tana ajin. Karin waƙar kansa mai daɗi ne, a hankali yake tafiya, kuma yana maimaita kansa, kana iya sanin abin da zai biyo baya. Wannan yana kwantar da hankali. Abin da ya ɓata ta a kunnena: usur, ihun yaran, da wani ƙyal-ƙyal kamar ƙararrawa da ke bin bayan kowane harafi. Shi wannan ƙyal-ƙyal ɗin ku ba lalle ku lura da shi ba. Ni shi nake ji sama da muryar mai waƙar.

Kawu, shekarata ta haura talatin a zango, ban saba ba. Na dai koyi ɓoyewa.

Maman Yasir: Yaya Zainabu, wallahi ban ma san da ƙararrawar ba sai da na koma na saurara yanzu. Tana nan kuwa.

Ɗan Sifika (Maamobi, mai kiɗan biki): Iyayena, wannan fagena ne, ku ba ni wuri. Na sauke waƙar na buɗe ta a kwamfuta. Wanda ya haɗa ta ya matse sautin, yadda ake yi wa yawancin waƙoƙin intanet, don ko'ina ya fito da ƙarfi ɗaya. Ba inda kunne zai huta. Sannan ya ɗora usur da ihun a sama da komai, shi ya sa ko an rage murya su ba sa ɓuya.

Ga kuma matsalar waya. Sifikar waya ƙarama ce, ba ta iya fitar da sauti mai kauri irin na ganga, sai siriri mai tsini. Kunnen mutum kuwa a nan ya fi ji, tsakanin girgiza 2,000 zuwa 5,000 a daƙiƙa, kuma usur a wannan yankin yake zaune. Da gangan ake ƙera shi haka, don alƙalin wasa ya hura a ji shi a cikin hayaniyar filin ƙwallo. Kun ga an ɗauko kayan filin ƙwallo an sa a waƙar 'yan shekara biyar. Ƙananan sifikun Bluetooth masu araha da ake sayarwa a kasuwar Circle su ma in an ƙure su tsagewa suke, sautin ya riƙa karce kunne.

Ni ba zan ce waƙar ba ta da kyau ba. Haɗin ne bai yi la'akari da kowa ba.

Baban Hafsa: Kai da ke hana mu barci duk Asabar, yau kai ne mai wa'azin rage ƙara? Ikon Allah.

Ɗan Sifika: Baba, masu aure ne ke cewa in ba a ji ta har unguwar Kanda ba ba za su cika kuɗi ba. Ni ɗan aike ne.

Malam Idi: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Waƙar ni na zaɓe ta, kuma dalili gare ni. Yara arba'in a aji ɗaya, in ba abin da zai farkar da su, rabi barci suke. Usur ɗin kuma alama ce, a nan suke juyawa su fuskanci iyaye ranar walima. Mun yi nisa da shiri, canja waƙa yanzu zai rikita sauran.

Amma maganar a bar yaro a gida ba ta taso ba. Ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita don kada uwar ta shiga damuwa. In an taƙaita salla saboda yaro guda, usur ba zai gagara cirewa ba. Hajiya Mma, tofi da addu'a alheri ne, a ci gaba, amma kada a ce wa yaron nan mai iska, sunan zai bi shi har girma. A bi abin da likita ya ce.

Abin da nake nema shi ne a gaya mini me zan sa a madadinsa.

Zainabu mai ɗinki: Allah gafarta Malam, ɗaga hannu ya isa, ko ƙyalle mai launi. Zan ɗinka maka kore in kana so. Ido zai ga alamar, kunne ya huta.

Maman Tagwaye (Madina): Ni tawa matsalar ba waƙar ba ce, tallar da ke faɗowa ce. Kana kunna wa yaro abu mai sanyi a YouTube, ba zato sai tallar caca ko ta lemo ta fasa ɗaki. Ko waƙar ta ƙare wata ta hau da kanta, mai ganguna da ihu. Hassan ɗina ba shi da otizim, amma tun da ya yi ciwon kunne mai fitar da ruwa ƙara take firgita shi. Yanzu sauke waƙa nake in ajiye a waya, in kashe data, in saurare ta ni kaɗai daga farko har ƙarshe kafin ya ji. Kuma na kashe abin nan da ke sa bidiyo na gaba ya tashi da kansa.

Anti Rabi: Maman Tagwaye ta kawo abu mai muhimmanci. Ba duk yaron da ke toshe kunne ne mai otizim ba. Ciwon kunne na tsakiya yana sa haka, wani kuma jinsa ne ya ragu, sai ya zama ƙaramar murya ba ya ji, babba kuma ta yi masa zafi nan take. Shi ya sa gwajin ji yake da amfani kafin a yanke hukunci. Akwai sashen gwajin ji a asibitin Korle Bu, 'yan'uwanmu na Kumasi kuma suna da shi a asibitin Komfo Anokye. Hassan ya kamata a duba shi tunda har ruwa ya fita.

Kuma don Allah a daina cusa wa ƙananan yara iyafis na manya. Ramin kunnen yaro ƙarami ne, sautin da kai ka ji daidai, a nasa kunnen ya fi haka ƙarfi.

Abdul Fadama: Duk wannan magana ce ta waƙa ɗaya, alhali garin gaba ɗaya ƙara ne. Dokar EPA, hukumar kare muhalli, ta ce unguwar zama kada ta wuce desibel 55 da rana, 48 da dare. Wa ke bi? Sai lokacin da sarakunan Ga suka hana kiɗa da hayaniya na wata guda kafin bikinsu na Homowo, wajen Mayu zuwa Yuni, sannan ake mayar da lasifika cikin gini. Ashe ana iyawa.

Zainabu mai ɗinki: Watan nan ni ne watan hutuna a shekara, ban ɓoye muku ba.

Alhaji Kawu: A'a, ku tsaya nan. Da haka ake farawa. A 2018 wani minista ya ce a riƙa kiran salla ta WhatsApp, kun manta? Yau usur, gobe a ce ladan ya yi shiru.

Abdul Fadama: Alhaji, ba wanda ya ambaci ladan. Amma tunda ka kawo, masallaci huɗu a lungu ɗaya kowa da lasifikarsa a ƙure, wannan ma abin dubawa ne.

Shugabar zaure: Alhaji, Abdul, don girman Allah a bar wannan zuwa wani zaman. Maganar walimar yara muke.

Maman Amira: Ni shawarata mai sauƙi ce. A saya masa marufin kunne irin na masu aikin injin, ana samu a shagunan kayan gini, akwai ma na yara. Amira tana da shi, tun safe nake sa mata har dare, mun samu lafiya. Ba sai an takura wa Malam da sauran yara ba.

Anti Rabi: Marufin yana da amfani, mai kyau yakan rage wajen desibel 20 zuwa 30. Ranar walima, ko ranar Salla a filin idi, ko in za a ratsa tasha, a sa masa. Amma 'yar'uwa, tun safe har dare ya yi yawa. Masana ji suna gargaɗi a kan haka, domin kunnen da aka saba masa da shiru kullum ƙara jin zafin sauti yake idan an cire. Ga shi kuma tana shekarun koyon magana, tana bukatar jin muryoyinku sosai.

A nan ne maganar Kawu take da ƙamshin gaskiya, sai dai hanyar ce ba haka ba. Ana saba wa yaro da sauti, amma kamar yadda ake koya masa cin shito mai yaji a waakye: ɗan kaɗan a gefen faranti, shi zai kai hannu da kansa. Maman Yasir, ki fara rera masa waƙar da bakinki, ba waya. In ya sake da ita, ki kunna wadda aka gyara can ƙasa-ƙasa, wayar tana nesa, ki nuna masa inda ake tsayar da ita, ki bar shi ya danna da kansa duk lokacin da ya so. In akwai wurin da murya ke tashi, ki riƙa gaya masa kafin a kai, ko ki ƙirga masa da yatsu. Ranar da ya ƙi, a bari.

Maman Amira: Anti, faɗa da baki yana da sauƙi. Gidan haya muke, ɗaki ɗaya, maƙwabcinmu rediyonsa ba ya mutuwa, ga janareton mai shago in an ɗauke wuta. In na cire mata, ni ce zan kwana a zaune.

Anti Rabi: Na fahimce ki, ban ce ki jefar da shi ba. Ki nemi lokutan da gidan ya lafa, bayan asuba ko lokacin da mutane suka fita aiki, ki cire mata ko na awa ɗaya ne, a riƙa ƙarawa. Ki kuma gaya wa likitanta yawan sa'o'in da take sawa.

Alhaji Kawu: To ai ga shi kun dawo kan maganata, a saba masa.

Zainabu mai ɗinki: Kawu, kai ka ce a kunna masa yana kuka. Anti ta ce a ba shi wayar a hannu. Ba ɗaya ba ne.

Alhaji Kawu: Ku 'yan boko ba a kayar da ku a magana. Allah ya shirya mana zuri'a.

Ɗan Sifika: Malam, ga abin da zan iya. Usur da ihun sun zo a tsakanin baiti ne, ba su hau kan muryar mai waƙar ba, don haka zan yanke su in bar gurbin shiru daidai tsawonsu, lissafin juyawar yara ba zai canja ba. Ƙararrawar ce ta cakuɗe da muryar, ba za ta fita duka ba, sai dai in dusashe ta. In kana so a rabu da ita kwata-kwata, ka tara yara biyar masu murya mai sanyi su rera da baki, in ɗauka da makirufo ɗaya. Ni a ganina wannan zai fi ta intanet ɗin daɗi.

Ranar walima kuma ni zan kawo kaya. Sifika ɗaya ta isa wannan filin, a ɗaga ta sama a juya ta wajen manya. A fili, duk lokacin da ka ninka nisanka da sifika, ƙara tana sauka da wajen desibel 6, don haka Yasir da Amira da Hassan su zauna a ƙarshen layi ta gefen ƙofa, in abin ya yi musu yawa a fita da su ba tare da an tsallaka mutane ba. Kuma duk mai jawabi kada ya tsaya gaban sifika da makirufo, wannan ne ke jawo kukan da Yaya Zainabu ta faɗa.

Malam Idi: Na yarda da yankewar, kuma ina son a gwada ɗaukar muryar yaranmu. Amma tafi fa? Iyaye za su tafa in an gama, ba zan iya hana mutum ɗari tafi ba. Ga kabbara kuma, in yaro ya yi karatu mai kyau dole wani ya ɗaga murya.

Maman Yasir: Allah gafarta Malam, tafi yana iya ɗauka in ya san yana zuwa, a gida ma muna yi masa. Zan zauna kusa da shi da marufin a jaka. In ka ga dama ka riƙa cewa "to jama'a, a tafa musu" kafin a fara, wannan daƙiƙar ta ishe ni in shirya shi.

Malam Idi: Wannan mai sauƙi ne. Masu kabbara kuma zan roƙe su tun farkon taro, wanda ya ji ya ji.

Maman Tagwaye: A turo mana gyararriyar a nan zauren don Allah, kada wasu yara su haddace da usur wasu babu.

Ɗan Sifika: Daren Alhamis in sha Allah, in ba a ɗauke wuta ba. Malam, a tara mini yaran ranar Asabar bayan la'asar, kafin masu auren layin bayanku su tayar da nasu kiɗan, in ba haka ba duk zai shiga cikin ɗaukar.

Baban Hafsa: Masu auren layin baya ai kai suka ɗauka.

Ɗan Sifika: Shi ya sa na san ƙarfe biyar za a fara. Malam, a zo da wuri.